TSIRON HALITTA DA TSIRON CUTA: ABIN LURA GA MAI KIWO DA MAI SAYE

 

Maganar da aka ba ni in yi a yau ƙarama ce a ido, domin a kan 'yan tsiron nama ne da ake gani a jikin dabbobi da tsuntsayen gida, har ma da jikin wasu irin shuka. Wani zai ce ina ruwan taron ƙungiya da wannan? To, ruwa da tsaki kuwa. Da wuya ka shiga gida a unguwar nan, daga Tsallake har Abuja, ka rasa akuya a turke ko kaji a tsakar gida. Yawancin matanmu jarinsu ke nan, shi ne asusunsu na ranar biki da ranar asibiti. Kuma duk shekara idan Babbar Sallah ta gabato, rigima iri biyu ce take maimaita kanta. Ta farko, a karya wa mace kuɗin dabbarta lafiyayya saboda wani ɗan nama da Allah ya halicce ta da shi. Ta biyu, mutum ya sayo mai cuta ya kawo gida, ya ɗaure ta cikin nasa, ta shafa musu. Dukkansu asara ce, kuma tushensu guda ne, wato rashin bambance tsiron da yake halitta da tsiron da yake cuta.

Bari mu fara da na halitta.

Kowa ya san 'yan naman nan biyu da ke lilo a wuyan wasu awaki, kamar 'yan yatsu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ana yawan ganinsu a dogayen awakin nan farare na ƙasar Barno, kuma wasu tumakin ma suna da su. Da su ake haihuwar ɗan akuya. Fata ce da gashi a kanta, da ɗan guringuntsi a ciki, ba ruwa ba mugunya. Gado ne, idan bunsuru ko akuya yana da su, sau da yawa za ka gan su a 'ya'yan. Ba sa ƙara nono, ba sa rage nama, ba sa hana haihuwa. Amma na sha tsayawa a kasuwa na ga mai saye ya kama wannan nama yana murzawa, yana yamutsa fuska, yana cewa ai dabbar nan tana da ƙari. Shi ya san ba ƙari ba ne, so yake ya tsorata yaron da aka aiko da ita. Iyayenmu mata, ku gaya wa yaranku, duk wanda ya taya akuya da ragi saboda wannan, a ce masa albarka a wuce gaba.

Haka tozon sa da leɓen da ke reto a ƙarƙashin wuyansa, ba wanda yake kiransu cuta domin mun saba da su. Amma mutumin da ya taso Kano ko Katsina, ranar da ya fara ganin shanun Kuri na bakin tafkin Chadi, da ƙahonin nan nasu masu kumburin gindi kamar tulu, zai iya rantsewa ciwo ne ya kumbura su. Alhali kuwa irinsu ke nan, kuma ƙahon bai kai nauyin da ido yake ba shi ba.

A tsuntsaye abin ya fi fitowa fili. Zankon zakara da leɓensa, da jan naman da ya lulluɓe fuskar toron agwagwa gudaji-gudaji, da na talotalo wanda ya sauko tun daga kai har wuya, da ɗan naman da ke reto a bisa bakinsa, da 'yan leɓɓan zabo. Agwagwar nan mai jar fuska asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take, talotalo kuma daga ƙasar Meziko aka fara kiwonsa. Wanda bai saba da agwagwa ba yakan ɗauka ƙuraje ne suka feso mata. A'a, alamar girma ce, kuma na toro ya fi na macen yawa. Shi zanko kuwa yana da aiki babba a gari mai zafi irin Maiduguri. Kaza ba ta gumi. Jini ne yake hawa cikin zanko da leɓe, iska ta bugi wurin, zafin jiki ya ragu. Shi ya sa mai kiwon da ya san aikinsa zanko yake fara dubawa da safe. Ja mai sheƙi, lafiya lau. Ya koɗe ya yi fari-fari, a duba ƙarƙashin fiffike ko ƙwarƙwata da ƙuma suna shanye mata jini. Idan kuwa ya kumbura ya yi shuɗi-shuɗi, kaji kuma suna faɗuwa biyu uku a yini, to wannan ba na maganin gida ba ne, a nemi likitan dabbobi nan take, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. Murar tsuntsaye tana zuwa da wannan alama, kuma ba mu manta yadda ta shigo ƙasar nan ba a 2006, lokacin da aka fara tabbatar da ita a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna.

Masana ilimin halittu suna da suna guda da suke kiran irin waɗannan 'yan nama da shi, wato karankul, daga harshen Latin, ma'anarsa ɗan guntun nama. Ku ma kuna da shi. Wanda ya duba madubi zai ga ɗan jan nama a kusurwar idonsa ta wajen hanci, to sunansa ke nan a wurinsu. Mahautan da ke cikinmu kuma sun san wasu gudaji kamar maɓallai da ke jere a cikin mahaifar saniya da ta tunkiya. Su ma halitta ne, a nan mabiyiya take kamawa ɗan ya sami abinci daga uwa. Na kawo wannan ne saboda abu guda. Idan saniya ko akuya ta haihu mabiyiya ta ƙi faɗowa, kada a sa hannu a fizge ta da ƙarfi, domin ana iya yage waɗannan maɓallai, jini ya ɓalle ko mahaifa ta ruɓe. A kira wanda ya iya.

To ina maganar iri ta shigo? Ga ta. Ku ɗauki ƙwayar zurman, wanda yake fitowa da kansa a bakin kwata da kan juji. A ɗan tsininta akwai wani farin tsiro mai taushi, kamar an ɗiga mata kitse. Shi ma sunansa ɗaya da na zakara a wurin masana. Idan ka ajiye ƙwayar a tafin hannunka, da zanen bayanta da wannan ɗan kai, wallahi sai ka ce kaska ce ta sha jini ta ƙoshi. Mutanen Rum na dā ma haka suka gani, shi ya sa sunan da suka ba itacen, Risinus, shi ne sunan kaska a harshensu. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da irin wannan tsiro, haka ma 'ya'yan rogo, domin dangi ɗaya ne su ukun.

Amfaninsa abin mamaki ne. Tsiron yana da maiƙo, tururuwa kuma tana son sa. Sai ta ja ƙwayar gaba ɗaya zuwa raminta, a cinye ɗan maiƙon, a yar da ƙwayar lafiya lau a cikin ƙasa mai taushi da taki, nesa da uwar itacen. Wato itacen ya biya tururuwa ladan dako. Masana sun ƙiyasta cewa tsirrai fiye da iri 11,000 a duniya da wannan dabara suke yaɗa 'ya'yansu. Bayan haka kuma tsiron yana taimaka wa ƙwayar wajen tsotsar danshi idan za ta tsira. Saboda haka wanda ya ga farin abu a bakin irin zurman kada ya ce ya lalace.

Sai dai a nan akwai jan kunne, musamman ga iyaye mata. Tsiron ba shi da laifi, amma ita ƙwayar zurman guba ce mai ƙarfi. 'Yan ƙwayoyi kaɗan idan yaro ya tauna suna iya kashe shi, kuma alamun ba lallai su fito nan take ba, sai bayan sa'o'i a ga amai da gudawa. Ga ta da kyan gani, yara suna wasa da ita. Man da ake sayarwa a kanti ba shi ne matsalar ba, domin gubar a tunkuzar take zama, ba ta bin mai. Don haka kada a ba dabba tunkuzar zurman kamar yadda ake ba ta ta gyaɗa ko ta auduga. Maƙwabtanmu Ibo suna yin wani abin miya da ita mai kama da daddawa, suna ce masa ogiri, amma sai sun dafa ta sosai sun bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki. Bini-da-zugu ma haka, 'ya'yansa sun sha kai yara asibiti. Yaron da ya ci ɗayansu a kai shi asibiti, a tafi da samfurin ƙwayar a nuna wa likita.

Mu 'yan hatsi muna da namu misalin a wake. Idon wake halitta ne, nan ne inda ƙwayar take manne da kwanso, kamar cibiya. Amma idan ka ɗebo wake ka kai shi haske ka ga wasu 'yan ɗigo farare ƙanana manne a bayansa, ba a wurin ido ba, ko'ina kawai, to ƙwan ƙwaro ne. Buhun da ka gani haka, ko babu huda ko ɗaya a yau, cikin mako uku zuwa huɗu na lokacin zafi zai fara tashi. Maganinsa buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, a ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu. Ba zuba fiya-fiya ba. Wannan ɗabi'a ta zuba maganin ƙwari a abinci ita ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wakenmu a 2015, mu kuwa da ba mu da mai auna mana, cikinmu yake tafiya.

Kun ga ashe ƙa'idar ɗaya ce a dabba da iri. Abin halitta yana da mazauni sananne, a wuri ɗaya za ka same shi a jikin kowace dabba mai irinsa. Galibi biyu ne, dama da hagu, ko ɗaya a tsakiya. Da shi aka haife ta, ko ya girma a hankali tare da ita. Ka taɓa ba zafi, ba ta zabura, ba ruwa, ba wari, kuma tana cin abincinta tana tuƙa. Na cuta kuwa baƙo ne. Jiya babu, yau akwai. Ba ya zaɓen wuri, ba ya jeruwa, yau uku gobe goma, kuma sau da yawa yana tafe da zazzaɓi ko majina ko ƙin cin abinci. Tambaya ɗaya tak takan raba gardama: yaushe ya fito?

Yanzu sai na cutar, kuma su ma ba ɗaya suke ba. Akwai mai sauƙi, akwai mai rusa garke.

Mai sauƙin shi ne tsiron nan busasshe mai kaushi da yake fito wa maruƙa da 'yan karsana a fuska da wuya da kewayen ido, wani kamar ƙwayar masara, wani ya tattaru kamar dunƙulen daddawa. Ƙwayar cuta ce ta bairos take kawo shi, tana shiga ta inda fata ta ƙuje. Igiya ɗaya, allura ɗaya, wuƙar da aka yi wa wannan shaida aka yi wa wancan, duk hanyoyinsa ne. Ya fi kama shanun da ba su kai shekara biyu ba, dabbar ba ta zazzaɓi, tana kiwonta, kuma yawanci yakan bushe ya faɗi da kansa cikin 'yan watanni. Ba ya kama mutum. Inda yake damu shi ne idan ya fito a kan nono ya hana tatsa, ko a gaban bijimi. Abin da na ƙi jini shi ne a ɗauki reza a yanke a shafa baƙin mai ko ruwan batir. Azaba ce kawai, ga ƙuda, ga tsutsa, kuma jinin da ya zuba shi zai kai cutar wani wurin. Wani irin da yake fito wa jaki da doki kuwa daban ne, wannan da wuya ya tafi da kansa, kuma idan aka taɓa shi da jahilci ƙaruwa yake yi.

Wanda nake so mu daɗe a kansa shi ne ciwon ƙulalan fata na shanu, domin shi ne mai cin jari. Kafin a ga komai a fata, saniya takan yi zazzaɓi mai zafi, ta daina ci, ido yana hawaye, hanci yana majina, baki yana dalala, nono ya janye. Bayan kwana biyu ko uku sai a wayi gari jiki ya yi ƙulalai, zagayayyu, masu tauri, daga girman ƙwallon dabino har zuwa na lemon tsami, a wuya, a baya, a hantsa, a ƙarƙashin wutsiya. Gashin kansu yakan miƙe. Kaluluwar gaban kafaɗa da ta gaban cinya su kumbura har ka gan su daga nesa, ƙafafu da ƙirji su tara ruwa. Daga baya tsakiyar kowane ƙululu ya mutu ya bushe, ya ɓalle, ya bar rami a fata. Nan ƙuda yake samun wurin zama.

An fara ganin wannan ciwo a Zambiya a 1929. Ya daɗe yana yawo a kudanci da gabashin Afirka, a 1974 aka ba da rahotonsa a Nijeriya, ya isa Masar a 1988, kuma a 2022 ya kashe shanu fiye da 100,000 a Indiya. Ba a cika kamuwa da shi ta gogayya kawai ba, masu ɗaukarsa su ne sauro da ƙudan cizo da kaska. Shi ya sa damina ce lokacinsa, kuma shi ya sa ya shafe mu. Kowa ya san yadda ruwa yake kwanciya a lungunan Bulumkutu daga Yuli zuwa Satumba, kuma duk wanda yake garin nan bayan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ya ga abin da kwantaccen ruwa yake haifarwa na sauro. Ga shi kuma Kasuwar Shanu tamu mahaɗa ce, dabba tana shigowa daga Chadi da Kamaru da Nijar, ta kwana da ta gida, gobe a loda ta zuwa Kudu. San da ya ɗauki cutar yana iya yin mako biyu, wani lokaci har huɗu, bai nuna komai ba. Ka saye shi sumul, ka kawo gida, sannan ya feso.

Galibi ba ya kashe da yawa, a cikin ɗari da suka kamu waɗanda suke mutuwa ba su cika kai goma ba, sau da yawa ma ƙasa da biyar. Amma kada wannan ya ruɗe ku. San da ka yi wata biyar kana ɗura masa dusa da harawa da ƙaiƙayin wake zai zube cikin mako biyu, kuma sai ya yi watanni kafin ya mayar. Mai ciki tana iya ɓari. Bijimi yana iya daina barbara na wani lokaci. Fatar kuwa ta tashi daga aiki, domin kowane rami tabo ne da majemi ba zai iya ɓoyewa ba. Ciwon ba ya kama mutum, wannan gaskiya ne, amma dabbar da take cikin zazzaɓi da gyambo namanta ba abin kai wa iyali ba ne, sai ma'aikacin duba nama ya gani.

Ba shi da allurar da take warkar da shi, domin bairos ne. Alluran da ake yi wa mai ciwon na hana gyambon ruɓewa ne da sauƙaƙa zazzaɓi. A nan ma akwai abin faɗi. Mutum ya sayi kwalbar allura a kasuwa, ya ɗirka wa sa yau, jibi ya kai shi mayanka. Maganin yana nan a cikin naman da nonon, mu ne za mu ci. Kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka ko shan nono, wanda bai iya karantawa ba ya ba ɗansa ya karanta masa. Abin da yake aiki da gaske shi ne rigakafi, a yi shi kafin ruwa ya sauka, kuma a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wadda take can tun 1924, ita ce gidan alluran rigakafin dabbobi a ƙasar nan. Mu kuma a nan muna da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ga kuma asibitin koyarwa na sashen likitancin dabbobi a Jami'ar Maiduguri. Dattawan da ke zaune nan gaba sun tuna bushiya ta 1983, yadda ta share garake a ƙasar Barno har wasu makiyaya suka zauce. Yau ina take? A 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma da allurar rigakafi aka yi wannan aiki.

Kada a haɗa wannan ciwo da kirci. Kirci ɓawo ne, gashi yana haɗewa tsibi-tsibi kamar bakin burushi, idan ka ɓamɓare ka ga jan wuri a ƙasa, kuma ya fi farawa ta gadon baya inda ruwan sama yake duka. Shi yana jin magani idan an tare shi da wuri, tare da cire kaska.

A tumaki da awaki kuma akwai ɓawon da yake taruwa a leɓɓan 'yan raguna da 'yan awaki har su kasa tsotso. Yakan warke da kansa cikin wata guda ko fiye kaɗan, in dai an taimaka musu da abinci mai laushi. Amma shi wannan yana kama mutum. Matar da ta ɓamɓare shi da hannu, in tana da 'yar ƙujewa, za ta ga ƙurji mai zafi ya fito mata a yatsa. A sa leda a hannu, a wanke da sabulu. Idan kuwa ciwon bakin ya haɗu da gudawa da majina da tari, ko aka ɗaga wutsiya aka ga ƙuraje jajaye a inda ba gashi, to an bar maganar ɓawon baki, an shiga manyan cututtuka masu kisa, a ware ta a kira likita. Kaji su ma suna da nasu, wasu baƙaƙen ƙuraje da suke fitowa a bisa zanko da leɓe da fatar ido. Ga misali mai kyau, tsiron cuta a kan tsiron halitta. Sauro ne yake yaɗa shi, yana makantar da 'yan tsaki su kasa ganin tsaba su mutu da yunwa, kuma yana da rigakafi mai araha da ake soka wa a fatar fiffike.

Sai maganar layya, tunda a nan ne aka fi tambaya. Abin da muka karanta a Islamiyya, a Risala da sauran littattafan mazhabarmu ta Malikiyya, aibobin da suke hana dabba isar wa mutum layya sanannu ne: mai ido ɗaya, da gurguwa, da marar lafiya, da ramammiyar da ba ta da kitse, kuma sharaɗin shi ne aibin ya kasance bayyananne. Akwai kuma bayani kan yankakken kunne da karyayyen ƙahon da yake jini. 'Yan naman wuyan akuya ba sa cikin wannan lissafi ko kusa, domin ba ciwo ba ne ba kuma naƙasa ba. San da ƙulalai suka rufe shi yana zazzaɓi kuwa, ai ba sai an tambayi kowa ba, rashin lafiyarsa a bayyane take. Wanda yake tsakani, kamar lafiyayyen sa mai ƙiba da ɗan busasshen tsiro ɗaya ko biyu a wuya, wannan a kai wa malamai su duba, ga su nan zaune, fatawa tasu ce.

Amma ɓangaren ciniki namu ne, mu 'yan kasuwa, kuma a nan zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Akwai masu shafa wa dabba toka ko laka don tabo ya ɓace, akwai masu kawo ta da magariba lokacin da ido ba ya rarrabewa, akwai dillalin da yake tsayawa ta gefen da ciwon yake ya tare da babbar riga. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, wannan kowa ya sani. Amma ko ya mayar, wa zai biya shi sauran dabbobinsa da suka kamu? Wa zai biya maƙwabciyarsa bazawara mai akuya uku? A gari irin wannan da muke zaune cikin 'yan'uwanmu Barebari da Shuwa da Babur da Margi, Bahaushe guda idan ya yi wannan, ba sunansa ake kira ba, cewa ake Hausawan nan. Iyayenmu da suka zo garin nan da amana suka sami wurin zama. Ka faɗi aibin, ka rage kuɗin, mahauci zai saya da saninsa idan likita ya yarda a yanka.

Mai saye kuma ya taimaki kansa. Ka je da rana tsaka. Kada ka tsaya kallo daga nesa, ka shafa hannunka tun daga wuya har gindin wutsiya, ta dama da ta hagu, domin hannu yana jin ƙululun da gashi ya ɓoye wa ido. Ka taɓa gaban kafaɗa. Ka buɗe baki, ka ɗaga wutsiya, ka duba hantsa. Ka watsa mata ɗan abinci ka ga ko za ta ci. In ka kawo ta gida kada ka haɗa ta da na turke a ranar, ka ɗaure ta gefe da kwanon ruwanta daban, rago ko akuya mako biyu zuwa uku, sa kuwa mako huɗu idan da hali. Na san gidajenmu ba su da faɗi, amma ko bayan ɗaki ne ya fi babu. A riƙa kwashe kashin dabbobi, a cike ramukan da ruwa yake taruwa, a yi hayaƙi da yamma saboda sauro da ƙuda.

Abu na ƙarshe, shugaba, shawara ce ga ƙungiya. Kwalbar rigakafi ba ta dabba ɗaya ba ce, ta dabbobi da yawa ce, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta dole a ƙarar da ita cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa mai akuya biyu ko kaji goma ba ya iya yi shi kaɗai. Ina roƙon a naɗa mutum biyu a kowane layi, namiji da mace, su rubuta adadin shanu da tumaki da awaki da kajin kowane gida. A kai lissafin ofishin likitan dabbobi a tambayi abin da za a kashe, a raba a tsakaninmu, a sa rana ɗaya a watan Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwan farko, a tara dabbobin da sassafe a fili guda. Ni na ɗauki nauyin ƙanƙara da kular da za a ɗauko maganin a ciki.